'Yar Jatau Kwalba

Ku gyara zama, jama'a, ga wata magana da har yau ba ta yanku ba. Nawa in shimfiɗa muku ita tun daga tushe, naku kuma ku yanke hukunci.

Shekara bakwai Nafi'u ya yi rabonsa da gida. Ya taɓa Legas, ya taɓa Kwatano, ya ɗan zauna Kumasi, kuma duk inda ya fara sabawa da mutane sai ƙafarsa ta soma ƙaiƙayi. Ranar da ya sauka a Tudun Maƙera da jaka ɗaya a kafaɗa, sai da ya tsaya yana waige-waige kamar baƙo, a unguwar da aka binne cibiyarsa. An sare durumin bakin masallaci. Filin da suke buga ƙwallo ya zama gidan mai. Mai shayin kan kwana ya tsufa, ɗansa ke zuba shayi, shi kuwa ya koma gefe yana gyara wa gwamnati kurakuranta. Abokan Nafi'u uku sun yi aure sun ajiye tumbi, na huɗun ya zama kansila ya daina gane mutane. Saratu, matar yayansa, wadda ta soya masa gyaɗar guzuri ranar tafiya, ta rasu shekara uku ke nan, a waya ya yi ta'aziyyarta. 'Yarta Rumasa'u, da ya bari a aji biyar na firamare, ga ta a ajin ƙarshe na sakandare, ta kusa kamo shi tsawo, tana maganar karatun likita kamar an riga an ba ta gurbi.

Amma duk wannan ba komai ba ne a kan abin da ya sami yayansa Badamasi.

Badamasin da Nafi'u ya sani mai tebur ne a ƙofar masallaci: littattafai, carbi, turaren ɗan goma. Mutum ne da ko kaza ba ya iya yankawa, sai ya aika da ita maƙwabta. To, Nafi'u ya tari mai adaidaita ya ce a kai shi gidan Malam Badamasi mai littattafai. Mutumin ya yi ta maimaita sunan, can ya buga sitiyari.

"Au! Gidan Jatau Kwalba kake nufi! Ai da ka faɗa tun farko. Kai ma yaronsa ne?"

Ashe wani darakta ne, Mansir, ya zo sayen turare wata rana, ya ji muryar Badamasi mai kauri, ya dubi tsawonsa, ya ce ya samu wanda yake nema. Shiri ne mai dogon zango a talabijin, sunansa Bayan Tasha, duk yammacin Alhamis ake nuna shi. Badamasi shi ne Jatau Kwalba, uban masu safarar ƙwaya, mai tabon da ake zana masa a kunci, mai dariyar da ke sa yara ɓuya a bayan uwayensu. Shekara uku yana wannan aiki. Samari na ɗaga masa hannu suna kiran "Oga Kwalba!", mata na janye 'ya'yansu in ya gifta. Wata tsohuwa ta taɓa tare shi a kasuwa ta ja masa Allah ya isa a kan ɗan mutane da ya harbe makon jiya. Ya durƙusa ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, yana nan da ransa. Takalma yake sayarwa a Sabon Gari." Ba ta yarda ba.

Da Jatau ake ci a gidan, da Jatau ake sha. Kuma Jatau ne ya ɗauke Rumasa'u daga makarantar da ake zama a ƙasa ya kai ta makarantar Hajiya Turai, wadda babu kamarta a wannan yanki, mai ɗakin gwaje-gwaje da malamai masu zuwa a kan lokaci.

Nafi'u ya zo ne da niyyar mako biyu. A mako na biyun abin ya faru.

Ku da ba ku san yadda ake ɗaukar irin wannan shiri ba, babu wani ɗakin kaya da ake shiga a zaɓi tufafi. Kowa da kayansa yake zuwa. Mai fitowa a alhaji ya aro babbar riga, mai fitowa a ɗan sanda ya zo da baƙin wandonsa. To, a cikin labarin, Jatau yana da 'ya, kuma an kai wurin da zai cire ta daga makaranta ya mayar da ita mai kai masa saƙo, don ba wanda zai binciki jakar 'yar makaranta. Ranar ɗauka, yarinyar da za ta fito a 'yar ba ta zo ba. Rana tana yi, an hayo janareta, kowa ya tsaya cirko-cirko. Sai ga Rumasa'u ta biyo daga makaranta karɓar makullin gida.

Mansir ya dube ta, ya dubi ubanta, ya tafa hannu. Ga uba, ga 'ya, ga kayan makaranta, ga jaka. Badamasi ya soma kawo uzuri. Mansir ya ce ta baya za a ɗauke ta, ba mai ganin fuskarta. Aka kuwa ɗauka ta baya. Abin da ba wanda ya tuna shi ne, makarantar Hajiya Turai a bayan hijabi take buga tambarinta, babba, kore, da sunan makarantar a zagaye, yadda ko daga tsallaken titi za ka karanta.

Aka nuna shirin ranar Alhamis. Kafin Asabar wani ya yanko wurin, daƙiƙa arba'in kacal, ya cire tambarin tashar, ya ɗora muryarsa a kai: "Iyaye, ku farka. Ga abin da ake yi da 'ya'yanku a wannan makaranta." Ga yarinya tana karɓar ƙunshi a baƙar leda, ga ta tana cusawa a jaka, ga ta ta wuce ɗan sanda tana sunkuyar da kai. Ya shiga wayoyi kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Waɗanda ba sa kallon shirin suka ɗauka gaske ne. Waɗanda ke kallo suka ce to, in ba 'yan fim sun san wani abu ba, me ya sa duk makarantun garin nan suka zaɓi wannan?

Litinin aka ba Rumasa'u takardar kora ta kawo gida. Talata Badamasi ya tafi, Nafi'u na biye da shi.

"Malam Badamasi, ni na san fim ne," in ji Hajiya Turai. "Ni ma ina kallo, har tsine maka nake yi. Amma jiya iyaye goma sha ɗaya suka kwashe 'ya'yansu. Shekara ashirin ina gina sunan nan."

"Hajiya, saura mako shida jarrabawar fita. A nan aka yi mata rajista, sunanta ba ya ciruwa zuwa wata makaranta. In ba ta zauna a nan ba, shekarar ta tafi."

"Da ka tuna da haka kafin ka tsayar da hijabina a gaban kyamara."

Ta kira maigadi ta ce daga yau kada ya bar kowa na gidan nan ya ƙetare ƙofa.

Rumasa'u ba ta yi kuka ba, abin da ya fi damun Nafi'u ke nan. Ta wanke hijabin, ta goge, ta ninke. Abu ɗaya ta ce wa ubanta, a hankali, ba ta ko ɗago kai ba: "Baba, ai na ce maka ina da darasi." Daga nan kullum ƙarfe takwas sai ta shimfiɗa tabarma a zaure ta buɗe littafi, ta tashi tara a lokacin da ake tashi tara, ta rufe a lokacin da ake tashi. Nafi'u ya kalli wannan kwana biyu, ya mayar da jakarsa ƙarƙashin gado.

To, ga abin da mutum uku suka yi. Ku riƙe shi da kyau, don a kansa za ku yi gardama.

Na farko Nafi'u. A yawonsa ba abin da ya tara sai sana'a ɗaya: a wata kasuwar kwamfuta a Legas ya koyi tono abin da ya ɓace a cikin waya da katin kyamara. Ya lura da wani abu da ba wanda ya kawo a ransa. Nuna wa mutane shirin da aka tace ba zai wanke kowa ba, tunda shi ne ma ya jawo zargin. Abin da ake bukata shi ne ɗanyen ɗauka, abin da kyamara ta gani kafin a ce a fara da bayan an ce a tsaya. Ya hau benen da Mansir ke haya ya tambaya.

"Mun goge," in ji Mansir. "Kati biyu gare mu, duk mako sai mun share mu sake ɗauka."

"An sake ɗauka a kansa?"

"Ɗaya dai tun ranar ya ƙi aiki. Mutum uku na kai wa, kowa ya ce ya mutu."

"Ba ni gawar."

Aka lalubo shi a cikin aljihun tebur, tsakanin matattun batura da ɓawon goro. Nafi'u ya san abin da aka goge bai tafi ko'ina ba, sunansa kawai aka cire daga ƙofa, yana nan ciki sai an zuba wani a kansa. Amma katin ya tsage ta gefe, wayoyin cikinsa sun fi gashi siranta. Ya ari kujera a shagon wani abokinsa a kasuwar waya, ya ɗaura gilashin ƙara girma a ido, ya kama ƙarfen liƙi. Kuskure ɗaya, shi ke nan, babu na biyu. Kwana uku yana fitowa da idanu jajur hannu wayam. A na huɗu, ana kiran azahar, minti goma sha ɗaya suka fito. Ashe mai kyamara ya bar ta a kunne tun ana shiri. Ga Mansir yana cewa, "Yarinyar ba ta zo ba, Badamasi, ara mana 'yarka." Ga Rumasa'u tana cewa tana da darasi. Ga komai, har ƙarshe. Da babu Nafi'u, da wannan shaida tana nan cikin ɓawon goro har yau.

Sai dai shaida a hannu daban, mai kallonta daban. Nafi'u ya tura ta guruf ɗin iyaye, aka cire ta cikin minti biyar, aka ce 'yan fim sun sake shirya wata. Wa zai zauna kallon minti goma sha ɗaya bayan daƙiƙa arba'in sun riga sun cika masa ciki? Ƙofar makaranta kuwa a rufe take.

Ta biyu Gwaggo Tabawa, babbar yayarsu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ungozoma ce, shekara talatin tana karɓar haihuwa a Tudun Maƙera da kewaye, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa jin ta roƙi wani ko allura ba. Gwiwoyinta sun gaji, sallah ma a zaune take yi. Ta ji yadda aka yi da bidiyon, ta ce, "Ku yaran zamani, kun ɗauka mutum waya ne? Miƙo min lemata."

Kwana tara tana bin gidajen iyayen yaran, ɗaya bayan ɗaya, a ƙafa, don ta ce in ta zo a mota za a ce wucewa take yi. Ba ta yin musu da kowa, ba ta ma ambaton fim. Sai ta yi sallama, ta zauna, ta sha ruwa, ta dubi yaron gidan ta ce, "Wannan ba shi ne ya zo ta ƙafa ba, ranar da ruwa ya cinye gada, har kika ce in yafe miki za ki mutu?" Uwar ta rufe fuska tana dariya. Sai Gwaggo ta miƙe tana dafa bango ta ce, "Asabar ta sama da hantsi ina son ganinki a makaranta, ke da maigidan." Wace ce za ta ce a'a?

Mutum ɗaya ya gwada, Alhaji Mamuda, shugaban iyayen yara. Ya aiko a ce mata ba ya nan, alhali motarsa na ƙofar gida. Gwaggo ta ce ba komai, za ta jira. Ta zauna a zaurensa tun hantsi. Aka kawo ruwa ta ce ta gode, aka kawo abinci ta ce ta ƙoshi. Masu wucewa suna leƙowa suna tambaya lafiya. Da la'asar ta yi, Alhaji ya fito da kansa, hula a karkace.

"Haba Gwaggo, so kike a zage ni a gari?"

"'Ya'yanka biyar na wanke, Mamuda, ban taɓa ce maka ba na nan ba."

A rana ta tara ta isa ƙofar makaranta. Maigadi ya ce an hana. Ta ce ya je ya gaya wa Turai cewa wadda ta riƙe mata baya kwana biyu a haihuwar fari ce. Hajiya Turai ta fito da kanta. Gwaggo ta ce, "Ban zo roƙon a mayar da yarinya ba. Ɗakin taronki nake so na awa ɗaya." Ta samu. Ta koma gida da gwiwa kamar tulu, ta yi kwana uku ba ta taka ƙasa ba, kuma ta san kwarjinin da ta tara a shekara talatin ta kashe shi a kwana tara, ba za ta sake shiga gidajen nan a matsayin wadda ba ta taɓa neman komai ba. Da babu Gwaggo, da Nafi'u shi kaɗai zai yi ta kallon bidiyonsa.

Asabar ɗakin ya cika har taga. Nafi'u ya haska majigi a bango. Da farko kowa ya haɗe rai. Sai aka ga ɗan sandan nan ya cire hula yana fifita da ita, wani daga baya ya ce, "Kai! Wannan ai Sule wanzami ne!" Dariya ta ɓarke. Da aka ce a tsaya, aka ga mai kyamara ya warce ƙunshin daga jakar yana cewa a ba shi abincinsa, ya yage ledar, ashe ƙuli-ƙuli ne, Jatau Kwalba da ɗan sanda suka sa hannu tare suna gurgura. Har Hajiya Turai sai da ta kare baki da mayafi. Nafi'u ya ce a ransa an gama.

Sai Alhaji Mamuda ya miƙe.

"Mun gani, mun yarda, yarinya ba ta da laifi. Amma Alhamis mai zuwa fa? Jiya 'yata ta shiga adaidaita, aka ce mata 'yar makarantar Kwalba. Mu ɗari biyu ne a ɗakin nan, masu kallon shirin nan ba sa ƙirguwa. Muddin mutumin nan yana fitowa duk mako, kuma 'yarsa tana sanye da hijabin nan, sunan ba zai bar 'ya'yanmu ba. Ƙarya na faɗa?"

Kawuna suka soma gyaɗawa, Hajiya Turai ta sunkuyar da nata. Nafi'u yana tsaye kusa da majigi yana kallon kwana huɗunsa da kwana taran Gwaggo suna zubewa.

Na uku Badamasi. Yana can kujerar ƙarshe. Ya miƙe, ba da muryar Jatau ba, da muryarsa ta mai sayar da carbi.

"Alhaji, gaskiya ka faɗa. Ku ba ni Alhamis biyu. Jatau zai mutu."

Daga nan benen Mansir ya wuce. Nafi'u da ke biye da shi ya ce bai taɓa ganin mutum ya yi tsalle daga kujera irin wanda Mansir ya yi ranar ba.

"Ka haukace? Kai ne shirin! Masu talla saboda kai suke zuwa! Na rubuta maka shekara biyu nan gaba!"

"Ko ka kashe shi a gaban kyamara, ko ya ɓace ba labari ka san abin da za ka gaya wa masu kallo. Kuma kafin ya mutu, da hannunsa zai mayar da 'yarsa makaranta."

"Ɗan ƙwaya ba ya haka."

"Wannan uba ne kafin ya zama ɗan ƙwaya. Shekara uku ina cikin rigarsa, Mansir, na fi ka saninsa."

Haka aka ɗauka, da wata yarinya daban, da farin hijabi marar ko ɗigo. A Alhamis ta biyu gari ya ga Jatau Kwalba da rana tsaka, ba yaransa, ba bindiga, ya rataya jakar 'yarsa a kafaɗa yana tafe da ita, alhali ya san mutanensa ba za su bar shi da rai ba tunda ya toshe musu hanya. Ya zazzage jakar a gabanta don ta ga littattafai ne kaɗai. A bakin ƙofa ya miƙa mata ya ce, "Shiga. Kome kika ji, kada ki waiwayo." Ta shiga. Aka ji ƙara sau biyu. Ba ta waiwayo ba. An ce ranar har masu shayi sai da suka share ido.

Mansir ya rantse ba zai sake kiran Badamasi ba, ya kuwa cika. Sauran daraktoci suka ce fuskarsa ta riga ta zama ta Jatau, ko limami aka sa shi ba mai yarda. Mutumin da ake tsayar da mota don a gaisa da shi ya kakkaɓe tsohon teburinsa ya koma ƙofar masallaci, gidan ya koma cin tuwo ba nama. Da bai yi haka ba, da taron Asabar ya watse da dariya kawai, yarinya tana zaure.

Washegarin mutuwar Jatau, ranar Juma'a, Hajiya Turai ta aiko a ce Rumasa'u ta dawo. Saura kwana goma sha biyu. Ta zauna jarrabawa, kuma da sakamako ya fito, ita ce ta ɗaya a makarantar gaba ɗaya.

To, ga inda maganar ta tsaya. Hajiya Turai tana da wata al'ada ranar yaye ɗalibai. Wanda ya zo na ɗaya ba shi kaɗai yake hawa dandamali ba, yana hawa da mutum ɗaya, wanda ya fi tsaya masa. A ajiye wa mutumin kujera kusa da ta Hajiya, ɗalibin ya karɓi takardarsa ya danƙa masa a hannu a gaban kowa. Kati ɗaya ake bayarwa, da gurbin suna a buɗe, ɗalibin ne ke cikewa da hannunsa. Rumasa'u ta roƙi a ba ta uku. Hajiya ta ce shekara ashirin kujera ɗaya ce, ba za ta zama uku a kanta ba.

Unguwa ta rabu. Masu goyon Nafi'u suka ce shi ya tono gaskiya daga inda ƙwararru uku suka ce ta mutu, kuma mutumin da bai taɓa cika wata biyu da son ransa a wuri ɗaya ba ya zauna wata biyar saboda yarinyar, har wani aiki da aka ajiye masa ya wuce shi. Aka ce musu kwana huɗu ya yi yana sana'arsa, me ya rasa? Ina yake shekara bakwai, ina yake ranar da aka binne uwar yarinyar?

Masu goyon Gwaggo suka ce gaskiyar da ba mai saurarenta ba ta mayar da kowa makaranta, kuma tsohuwa ce ta ba da gwiwarta da mutuncinta a kan laifin da ba ita ta yi ba. Aka ce musu ta dai tara mutane, amma ba ita ta kawo abin da aka kalla ba, ba kuma ita ta amsa wa Alhaji Mamuda ba.

Masu goyon Badamasi suka ce uba ne, shi ya kai ta makarantar tun farko, kuma shi kaɗai a cikinsu ya yanke abincinsa da hannunsa, sauran biyun kowa ya koma yadda yake. Aka ce musu shi ya jawo abin. Yarinya ta ce masa tana da darasi, ya ji tsoron darakta ya ƙi jin maganar 'yarsa. Gyaran ɓarnarsa ya yi, a kan me za a ba shi kujera?

Su ukun kuwa kowa ture abin yake yi. Gwaggo ta ce ita gwiwarta ba ta hawa dandamali, amma an ga ta aika sabuwar atamfa wurin tela. Badamasi ya ce, "Ki ba Baffanki, Ruma, shi ne baƙo," amma farar babbar rigarsa tana kan igiya tun Laraba. Nafi'u ya ce shi kada ma a sa da shi, wani abokinsa ya kira shi daga Duwala ta Kamaru, akwai shago yana jiransa, kuma an gaya masa wannan karon in bai zo ba za a ba wani. Motar tana tashi Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Taron yaye kuwa Asabar ne.

Ranar Alhamis da la'asar ya jawo jakarsa ya ɗora a kan gado. Ya sa wando biyu, ya sa riguna, ya naɗe kayan aikinsa a tsumma ya cusa ta gefe. Ta ƙofar ɗakin yana hango tsakar gida: Gwaggo ta miƙe ƙafa a tabarma tana shafa man zafi, Badamasi yana jera carbi a kwali don kasuwar gobe, ba mai kallon wani. Rumasa'u tana tsakiyarsu a kan kujera 'yar tsugunno, kati a cinya, biro a hannu, ta cire murfin ta mayar, ta cire ta mayar. Nafi'u ya kama zif ɗin jakar ya ja shi rabi, ya tsaya.

To, jama'a, biro yana hannunku. Wanda ya tono shaidar, ko wadda ta tara masu kallonta, ko wanda ya kashe Jatau: sunan wa Rumasa'u za ta rubuta?